Watan da Inna Ta Jira

Abubuwa da yawa sun same ni a sana'ar zane, wasu na dariya wasu na takaici, yawancinsu kuma sun bi ruwa. Amma akwai guda ɗaya da ba na jin zai fita daga raina ko da na tsufa na manta hanyar gidanmu. Shi ne jinjirin watan da na taɓa zana wa wata tsohuwa a takarda.

Ni mai zane ne mai zaman kansa, ba ubangida, ba ofis. Katin biki, tambarin shago, hoton talla, duk abin da aka turo mini ta waya sai in zauna da kwamfuta in haɗa in mayar. Yawancin masu ba ni aiki ban taɓa ganin fuskarsu ba. Suna can Sakkwato ko Kano, ni kuwa ina ɗakina a Sabon Birni. A garin ba wanda ya ɗauki abin da nake yi sana'a. In na wuce majalisa sai in ji ana cewa ga mai latse-latse nan. Ni ma, in faɗi gaskiya, ban ɗauke su a bakin komai ba. Gani nake ni kaɗai ne mai ido a garin.

Ana nan sai aka datse layin waya a yankinmu saboda 'yan bindiga. Ranar ce na gane cewa duk abokaina a cikin waya suke zaune. Waya ta yi shiru, ni ma na yi shiru. Waɗanda muka yi makaranta tare sun daɗe da barin gari. Sai in wuni a ɗaki ina buɗe tsofaffin ayyukana ina kallo, ina yabon kaina tunda ba mai yabona. Wani lokaci har la'asar ta yi ban yi magana da kowa ba sai sallamar masallaci. In abin ya ishe ni, in bi masu zuwa wajen iyaka neman layin Nijar, in tsaya a kan tudu da waya a sama kamar mai roƙon ruwa. Kaɗaici ya ci ni a lokacin, har na fara jin haushin kowa ba dalili.

Cikin wannan hali wani Alhaji ya yi mini sallama. Falke ne, yana kai kaya Maraɗi yana kawowa, kuma ni na taɓa zana masa allon shagonsa. Ya zauna bakin tabarma ya fito da ƙullin magani biyu daga aljihu.

"Malam mai zane, wani aiki za ni ba ka. Ƙarami na, amma gare ni babba na," in ji shi. "Innata na da hawan jini. Da ƙwaya guda taka sha da sahe. Jiya likita ya ƙara mata wata, wagga ja, ta dare. Ni kau gobe da asuba za ni Maraɗi, ban san ranar komowa ba, ka san yadda hanya take. Na hwaɗa mata, amma kunnenta ya yi nauyi, ga mantuwa. Ba ta boko, ba ta ajami. Ka zana mata yadda ko babu kowa za ta gane. Kuma kai za ka kai mata da kanka, ka zauna ka gwada mata."

Mahaifiyar tasa 'yar Gatawa ce. Bayan wani hari ya ɗauko ta ya kawo gidansa da ke bayan gari, ta baro ɗakinta da awakinta da ƙawayen da suka tsufa tare. Matarsa kuma ta tafi haihuwa gidan iyayenta a Isa. Wato tsohuwa ita kaɗai za ta zauna, sai wata maƙwabciya da ke miƙo mata koko da tuwo ta kan katanga.

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, wannan ai ba aiki ba ne. A raina har ina jin daɗi, yau dai an zo inda ake raina. Ko awa ɗaya ban yi ba na gama. A hannun dama na sa rana rawaya mai haskoki, ƙarƙashinta farar ƙwaya. A hagu na sa jinjirin wata, ƙarƙashinsa jar ƙwaya. Duk duniya haka ake yi, rana safiya ce, wata dare ne, haka na gani a wayoyi da kwalayen magani ba adadi. Na kai shago aka buga mini mai kala, aka sa mata leda. Ta yi kyau, wannan kam ba zan ƙaryata kaina ba.

Washegari da hantsi na je gidan. Na same ta zaune a inuwar katanga, ƙaramar tsohuwa, tana jan carbi. Ta amsa gaisuwata da murna irin ta wanda ya kwana biyu bai ga baƙo ba. Ta jawo tabarma ta ce, "Zamna ɗana, ka sha ruwa." Ni kuwa hankalina yana kan motar da za ta tafi wajen iyaka, ina tsammanin wani a Kano ya turo mini aiki. Na buga ƙusa a bangon ɗakinta na rataye takardar, na ɗora kowane ƙulli ƙarƙashin hotonsa. Na ɗaga murya na ce, "Inna, ki bi hoto kawai, hoto shi ka magana da kainai." Ta matso ta ƙura wa takardar ido, ta daɗe, sannan ta gyaɗa kai ta ce, "To, na gani." Ban tambaye ta abin da ta gani ba. Ko zama ban yi ba, ruwan ma ban sha ba. Na je iyaka na tsaya a rana, ba saƙon kowa.

Kwana goma sha bakwai ban sake leƙa gidan ba. Ba wai aiki ya hana ni ba, ina ɗaki ina tausayin kaina. Sai wani direba da ya taso daga Maraɗi ya kawo mini saƙon baki, Alhaji ya ce hanya ta tsare shi, don Allah in duba masa Inna.

Na yi sallama sau uku kafin na ji muryarta can ƙasa. Tana kwance a ɗaki ta ɗaure kai da ɗankwali tamau. Ta ce kwana huɗu ke nan kanta kamar ana daka a ciki, in ta tashi ƙasa na juyawa, ido ɗaya kuma hazo take gani da shi. Na waiga wajen takardata. Ƙullin farar ƙwaya ya kusa ƙarewa. Na ja yana nan cike, ko kwance shi ba a yi ba. Saboda halina, fushi ya riga tsoro zuwa.

"Haba Inna! Don mi ba ki sha wagga ba? Ga hoto nan ƙuru-ƙuru!"

Ta ɗago da ƙyar ta nuna takardar da yatsa, cikin natsuwa, kamar mai koya wa yaro karatu.

"Ai shi ni bi, ɗana. Wagga rana ta, kowace rana in sha hwara, ban taɓa tsallakewa ba. Wanga kau wata na, jinjiri. Sai wata ya tsaya in sha ja. Yau ashirin da bakwai ga wata, saura kwana biyu ko ukku. Jiya ma da magariba na rarrahwa na hita na duba yamma, ko da na ɓata lissahi."

Na tsaya ina kallon takardar kamar yau na fara ganinta. Da Hausa aka haife ni, da ita nake mafarki, amma ko sau ɗaya bai zo mini ba cewa a bakinmu rana ita ce ta sama kuma ita ce yini, wata shi ne na sama kuma shi ne na kwana talatin. Kuma wanda na zana ba cikakken farin wata ba ne, jinjiri ne sak, irin wanda ake fita dubawa. Tsohuwa ba ta yi kuskure ba ko kaɗan. Abin da na rubuta ta karanta, ni ne ban san abin da na rubuta ba. Da na tuna ta tana rarrafe ita kaɗai a tsakar gida tana neman wata don ta bi umarnina, sai na ji kunya ta rufe ni.

Na ruga na samo mai keke mai ƙafa uku, maƙwabciyar ta zagayo ta kama mini ita muka kai ta asibiti. Malamin da ya auna ta ya dube ni ya girgiza kai, ya ce jinin ya hau sosai, Allah ne ya sa aka zo yau. Kwana biyu ta yi aka sallame ta. Ciwon kan ya tafi, jirin ya tafi, amma hazon idonta na hagu bai washe ba, na daman kuma da ma ya daɗe da rauni. Malamin ya ce wataƙila hawan jinin ne, wataƙila shekaru ne, ba zai iya rantsewa ba. Ni dai na san abin da zuciyata ta faɗa mini.

Da muka dawo gida na cire takardar na cusa a aljihu. Wannan karon na zauna a tabarmar, na sha ruwan. Na zo da fensir da takardu, na ƙudura ba zan bayyana mata komai ba, zan zana manya-manya in kai kusa da idonta in tambaya kawai. Na zana taurari, ta ce ranar da babu hadari ke nan. Na zana fitila, ta ce sai an kawo wuta. Na zana zakara don safiya, ta yi dariya har da tari ta ce, "Wanga sai Salla, ko in an yi baƙi." Duk dabarar da nake taƙama da ita ta ƙare a kan tabarmar nan, ni da nake cewa ni kaɗai ne mai ido.

Da na rasa ta yi, sai na ajiye fensir na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na ce, "Inna, ke da mi kika sanin sahiya ta yi, da mi kika sanin dare?"

Ta ce, "Yo da mi kau? In an miƙo koko sahiya ta, in an miƙo tuwo dare na."

Sai ta sa yatsa a ƙasa ta ja wani ɗan da'ira da doguwar wutsiya, ludayi ke nan. Gefensa ta yi mulmulen tuwo a cikin akushi. Zanen a karkace yake, da na ɗalibina ne da na ce ya sake. Amma ko daga bakin ƙofa ba mai ɗaukarsa wani abu daban. Na samo gawayi a murhu na kwafe su a bangon ɗakinta, kowanne ya fi faifai girma, na buga ƙusa ƙarƙashin kowanne na rataye ƙullinsa. Na leƙa ta katanga na roƙi maƙwabciyar, in za ta miƙo kwano ta riƙa cewa, "Inna, a duba bango." Daga ranar ba ta sake tsallake ko ƙwaya ɗaya ba. Na sani, domin kullum da la'asar ina can ina ƙirgawa, tana ba ni labarin Gatawa da sunayen awakinta. Ban ankara ba sai na ga na daina zuwa iyaka.

Da Alhaji ya dawo ban jira wani ya faɗa masa ba. Na fito da takardar na ba shi labari tun daga ruwan da ban sha ba. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya buɗe baki zai yi magana, sai Inna ta tare shi daga ɗaki.

"Ƙyale yaron ga. Bai yi ƙarya ba. Wata yaz zana, wata nij jira. Da ya zamna da mun gane juna, yanzu kau ya iya zama."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Tun daga ranar ta sa mini suna Mai Wata, har unguwar ta ɗauka, na kuwa fi son sa da mai latse-latse.

Idon nata bai ƙara iya tsinkayar jinjirin wata ba, ita da a Gatawa aka ce tana cikin masu fara ganinsa. Sai ya zama aikina. Duk ƙarshen wata in an idar da sallar magariba, in tsaya a tsakar gidansu in duba yamma, in na gan shi in sunkuya kusa da kunnenta in ce, "Inna, wata ya tsaya." Ta ɗaga hannu ta yi addu'a, ta sa ni a ciki. Haka muka yi har Allah ya karɓi abarsa bayan shekara biyu.

Layin waya ya daɗe da dawowa, aiki ma ya dawo har ya fi na da. Takardar nan mai leda tana manne a saman teburina, masu zuwa suna cewa ta yi kyau, ni kuwa na san abin da ta ci. Yanzu ko tambarin mai shayi na zana, ba na miƙa shi sai na nemi wanda zai yi amfani da shi, na zauna, na sa masa a gaba na ce, "Me ka gani?" sannan in ja bakina in yi shiru. Abin da na koya ke nan: hoto ba ya magana da kansa, mai kallo ne ke magana, da harshensa da rayuwarsa. Kuma duk kukan da nake yi cewa ba wanda ya fahimce ni a garin nan, ashe ni ne ban taɓa zama na fahimci kowa ba. Har yau in wata ya tsaya sai na ji bakina na son faɗa wa wani, in waiga in ga ba ta nan.