Baƙin Yadi da Zannuwan Inna

Da aka raba kayan Inna bayan rasuwarta, tsofaffin zannuwanta ne suka faɗo hannuna. Sun tsufa ba su ɗauruwa, ni kuma ba na iya bayar da su. Sai na ce bari in yayyanka su in haɗa mayafin gado, in zagaye shi da baƙin yadi. Tsorona ɗaya, kada baƙin ya zuba ya ɓata mini su.

Ranar kasuwar Dakoro na tsaya gaban wani mai yadi. Ashe baƙi ma iri-iri ne, wani ya yi ja-ja a rana, wani kamar toka.

"Hajiya, wanga ba shi zuba," in ji shi. Duk wanda na taɓa, amsar ke nan.

"To wane ka zuba?"

"Na rumhwar gaba."

Na ɗauki wanda ya fi duhu. A gida gwaggona ta ce in jiƙa shi da gishiri. Maƙwabciyata ta ce kanwa. Tela ya ce ruwan tsamiya, kuma kada kanwa ta ko kusance shi. Kaina ya ɗaure. Da na rasa wa zan bi, sai na bi su duka, ɗaya bayan ɗaya, ina ɗauraya har ruwa ya fito garau.

Zannuwan Inna kuwa ban wanke su ba, don har lokacin suna ƙamshin turarenta. Haka na ɗinke su, har da wani turkuɗi, rinin shuni mai sheƙi, da ta samo daga garin Tagriss.

Ranar da mayafin ya sha wankin farko, ruwan daro ya rine nan take. Na yi ta faɗa, daga mai yadi har tela ban bar kowa ba. Gwaggo ta zo ta jujjuya shi, ta murza bakin da farin tsumma, tsumma ya fito tas.

"Ɗiyata, baƙinki bai yi komi ba," ta ce. "Wa ya ce miki ana wankin turkuɗi? Na uwarki ne ya zuba."

Na rasa da wa zan yi fushi. Na shanya shi a igiya, shuni ya bi kowane ƙyalle. Na tsaya ina bin su da yatsa, ina neman farin zanen da Inna take salla da shi, ban gane shi ba.