Makonnin da Na Yi Ina Jan Yaya Zuwa Likita

Shekarar da maigidana ya rasu na dawo Zinder da zama, a wani ɗaki da ƙanena ya ba ni a bayan gidansa. Na dawo da tukwanena, da keken ɗinki, da gwiwoyi masu ciwo. Sama da shekara ashirin muka yi a wani ƙauye gabas da Damagaram Takaya, shi yana aikin bishara, ni ina noman gyaɗa da ɗinkin kayan yara don mu ci. Ranar da muka sauka a ƙauyen babu Kirista ko ɗaya. Ranar da na baro shi akwai gida uku, ɗaya ma baƙi ne da aiki ya kawo su.

A gidan Kirista aka haife ni, a nan cikin gari na yi lakkwal, wato makarantar boko. Har na ci jarrabawar zama malama lokacin da ya zo neman aurena. Bai ɓoye mini inda za shi ba, babu kuma wanda ya tilasta ni. Ni da bakina na ce to.

A ƙauyen muka rasa 'yarmu ta fari tana da shekara huɗu. Zazzaɓi ne ya kama ta cikin tsakiyar damina, hanya ta yanke, babu mota. Muka ɗora ta a amalanken shanu, kafin mu kai likita ta cika a cinyata. Maigari ya ba mu wuri a gefen gonarsa muka binne ta. Na haifi wasu, sun girma sun watse neman abinci, amma ban sake zancenta da kowa ba. Aiki ya rufe ni, na ɗauka abin ya wuce.

Ashe jira yake in zauna. Da na dawo gari, ba gona, ba miji, sai da-na-sani ta same ni a ɗaki. In na wuce ta gaban likita, wato asibiti, in ga mata da 'ya'yansu a goye, sai in ce da a nan nake da yanzu ita ma tana goyon nata. In na haɗu da waɗanda muka yi lakkwal tare sai in sunkuyar da kai in canza hanya. Ran Lahadi ina zuwa majami'a don kada a yi magana, in zauna a bencin baya, bakina yana bin waƙa, zuciyata tana wani wuri. Addu'a kuwa sai ta abinci. Ban yi faɗa da Ubangiji ba, na dai daina yi masa magana, kamar yadda mace kan yi da mijin da ta gaji da shi.

Cikin damina ta biyu da dawowata, wata rana da hantsi aka yi sallama. Na fito na ga maƙwabciyata ta ƙauye, wadda katanga ɗaya ta raba mu duk shekarun nan. Musulma ce, ta girme ni, Yaya nake ce mata, ita kuma Matar Malam take kirana. Ɗanta ne riƙe da hannunta, ɗaya hannun nasa da ƙullin gero. Idanunta duka biyu sun yi fari.

"Matar Malam, ke ce? Muryar dai taki ce," in ji ta.

Ɗan ya ce yanar ido ce ta rufe mata gani, an ce sai an yi aiki a Zinder. Shi kuma ciyawa tana cin gonarsa, ba zai iya zama ba, ba su san kowa a gari ba sai ni. Ya ci tuwo ya juya.

Ba zan ce na yi murna ba. Na shimfiɗa mata tabarma ina tunanin ruwa, don a unguwarmu pompo yakan yi kwanaki bai kawo ruwa ba, bido guda, wato jarka, nake lallaɓawa ni kaɗai. Yanzu ga alwala sau biyar, ga wanka, ga wanki. Da sassafe in ja ta zuwa likita. Ba ta yarda da babur ɗin kabu-kabu, ta ce ba ta hawa abin da ba ta gani, don haka a ƙafa muke tafiya, hannunta a kafaɗata, ina cewa ga dutse, ga rami, ɗaga ƙafa. Mu zauna a layi har rana ta take, a ce hawan jininta ya yi yawa, a sha magani a dawo wani mako. Mu dawo, a ce mai aikin ya yi tafiya. Ina isa gida sai in zube, gwiwoyina kamar an zuba musu barkono. In lokacin salla ya yi, ni ke kama kafaɗunta in juya ta gabas.

Wata la'asar ina tsince mata shinkafa na tambaye ta labarin ɗakin da muke sujada a ƙauye, wanda maigidana ya yi tubalinsa da hannunsa.

"Rufin ya faɗi bara," in ji ta. "Gefen da ya rage harawa ake zubawa. Baƙin nan sun tashi. Sauran biyun kuma sai su tafi wani gari in ranarku ta zo."

Na ajiye faifan. Abin da na daɗe ina taunawa ya fito da kansa.

"Yaya, ashe dai banza na yi. Ƙuruciyata, karatuna, 'yata, duka na kai can na zubar, yau ga awaki suna ci a wurin. Da ban je ba."

Ta ci gaba da jan carbinta. Na zaci za ta ba ni haƙuri irin na kowa.

"Wannan ban sani ba," ta ce. "Ko banza ne ko ba banza ba, tsakaninki ne da Ubangijinki, ni ba addininmu ɗaya ba. Amma yarinyar nan ni da ke muka wanke ta. Kin tuna abin da kike faɗa?"

Na ce ban tuna komai na ranar ba.

"Ni na tuna. Ina zuba ruwa, kina goge mata fuska, kina ta cewa, Yesu ga ta nan, ka riƙe mini ita. Ba sau ɗaya ba, har muka gama. Na je gida na gaya wa maigidana, na ce matar nan ta san wanda ta ba ajiya. To yanzu ya ce miki ya yar da ita ne?"

"Bai ce ba."

"To me kike tonowa?"

Daga nan ta ce in ƙara mata ruwa a buta, kamar ba ta faɗi komai ba.

Na ji haushinta, har washegari ban yi mata magana mai daɗi ba. Amma maganar ta ƙi fita daga kaina. Ni na faɗi hakan, ni ce kuma na manta. Da Yaya ta kwanta barcin rana na shiga ɗaki na tura ƙofa. Durƙuso ya gagare ni saboda gwiwa, sai na zauna a bakin gado na fara magana, ba irin addu'ar da ake yi a gaban jama'a ba. Na ce wa Yesu na gaji. Na ce ka san hanyar nan za ta yanke, ka bar ni na je. Na lissafa masa duk abin da nake ganin ya ci mini, da muryar da ban taɓa ɗaga wa mijina ba. Babu abin da na ji, babu abin da na gani. Da na ƙare dai sai na tarar ina kuka, kuma na san ba bango nake yi wa ba. Wanda aka gicciye ya san yadda rana take ƙarewa mutum yana ganin kamar duk wahalarsa ta tafi a banza. A ƙarshe na ce, ga shekarun nan ma, ban san amfaninsu ba, ka riƙe su tare da ita.

Washegari da-na-sani tana nan, ba ta tafi ba. Na sake miƙa masa, jibi ma haka. Abin ya zama kamar sharar tsakar gida, kullum sai an yi. A hankali na lura ina iya ambaton yarinyar. Na ba Yaya labarin yadda take satar ƙuli-ƙuli a ɗakinta, muka yi dariya har ta yi tari.

An yi aikin gab da girbi. Ido ɗaya ya buɗe, ɗayan suka ce ya riga ya lalace. Ranar da aka cire mata auduga ta daɗe tana kallona.

"Kai, Matar Malam, kin tsufa!"

"Ke kuma fa?" na ce. "Bari in nemo miki madubi."

Ɗanta ya zo ya ɗauke ta. Na raka su tasha, ta ƙi a riƙe mata hannu, tana ta karanta garin da idonta guda, tana mamakin yawan babura. Ta ce in zo bayan kaka in ga jikokinta. Na ce sai gwiwa ta yarda, har yau kuwa ba ta yarda ba.

Na koma zumuntar mata ta majami'armu, muna haɗuwa ran Laraba. Ba na iya tsayuwar waƙa, a zaune nake kaɗa caki. Akwai ranakun da nake tashi da nauyin nan a ƙirji, musamman in hadari ya haɗo daga gabas. In ya zo sai in zauna a bakin gado in gaya masa, sa'an nan in tashi in hura wuta.