Shekaru Shida Da Yaya Tijjani Ya Bari A Kano

Ranar Asabar da hantsi, ina kicin ɗina a unguwar Camberwell ta Landan ina tsince wake, waya ta yi ƙara. Ɗaya daga cikin iyayen yaran da Tijjani yake koya wa ƙwallo a Barking ne. Ya ce, "Hajiya Kulu, ki yi haƙuri, ƙaninki ya faɗi a fili, motar asibiti ta tafi da shi." Kafin in isa, Allah ya karɓi abinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Likitar da ta fito ta kama hannuna, ta ce hamsin da uku ba shekarun mutuwa ba ne, kuma ta san zafin rashin ƙane. Na tsaya ina kallonta, hawaye na zuba, wani abu kuma na tafasa a ƙirjina wanda ba baƙin ciki ba ne. Tijjani ba ƙanena ba ne. Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya ba ni shekara huɗu, kuma ya rasu yana da hamsin da tara. A duk Landan, a iya sanina, ni kaɗai na san haka. 'Ya'yansa biyu, Faruk da Zainab, ba su sani ba. Ga shi kuma masu maƙabarta sun ce iyali su ba da shekarar haihuwar da za a zana a allon kabarinsa.

Waɗanda suka san shi da Koci Ɗan Brazil sun san ya yi zama a makarantar horar da yara ta wani babban kulob a can, don ba wanda ya taɓa shan shayi da shi bai ji labarin ba. Abin da ba su sani ba shi ne yadda ya shiga. Yana da ashirin da biyu, yana koyar da lissafi a wata firamare a Fagge, yana buga wa unguwa ƙwallo da yamma, sai wani dillalin 'yan wasa ya gan shi. Ya ce akwai gurbi a Brazil, amma na 'yan shekara sha shida ne. Kawunmu Ado, Allah ya yafe masa, ya kalli Tijjani sama da ƙasa, ya ce, "To mene ne a ciki? Ai gajere ne." Aka je kotu aka yi rantsuwa, aka yanke masa shekara shida. Uwarmu ta ce ita dai ta san ranar da ta yi naƙuda, sauran kuma tsakaninsu da Allah.

Rayuwarsa a can ya ba ni labarinta har na haddace. Ɗakin kwanansu a ƙarƙashin kujerun 'yan kallo yake, gadaje hawa biyu, ranar da manya ke wasa ƙura na zubo musu a kan zanin gado. Kullum shinkafa da wake, rana da dare, a barbaɗa garin rogo. Yakan ce, "Na tsallaka teku guda na tarar da garau-garau, sai dai ba mai ba yaji." Watanni suka yi ba a bar su sun taka ciyawa ba. A ƙaramin fili na siminti ake tsare su da wata ƙwallo ƙarama mai nauyi wadda ba ta tashi sama, wai sai ƙafa ta koyi tunani a wuri matsattse kafin a sake ta a fili. Da safe kuma dole kowa ya tafi aji. Malamin da ya bar ɗalibansa a Fagge ya zauna a benci, gwiwoyinsa na dukan tebur, ana koya masa raba lamba da harshen Fotugis. Ya ce da gangan yake faɗuwa tambaya ɗaya cikin uku, don kada a ce ga wani gwani daga Afirka a kira 'yan jarida. Gemu kuwa, sau biyu yake aske shi a rana, a ɓoye, ya tura rezar cikin safa.

Shekara biyu yana tauraro. Ba mamaki, namiji ne a cikin yara. In ya kafa kafaɗa sai yaro ya tsinci kansa a bakin layi. Daga nan yaran suka fara girma, shi kuwa ya riga ya gama. Waɗanda yake turewa suka tsere masa a tsawo, suka tsere masa a gudu. Wata rana kocinsu ya kira shi ya ce bai taɓa ganin yaron da ya tsaya cak haka ba, aka sallame shi. A Landan ya gaya wa kowa gwiwa ce ta kashe masa wasa. Gwiwar daga baya ta zo.

Lokacin da ya iso nan, bayan ya ɗan yi yawo a ƙananan kulob, ni ina karatun haɗa magunguna a Bloomsbury. Na raka shi neman ɗaki. Mai gidan ya duba fasfo ɗina, ya duba nasa, ya ce ashe ni ce babba. Na buɗe baki, Tijjani ya taka mini ƙafa da irin takun da ya koyo a siminti. Ya ce, "Eh, yayata ce, ita ta raine ni." Daga ranar na tsufa.

Ina so masu karanta wannan su fahimci abin da aka yi mini. Ni ce na tsaya a matsayin uwa ranar aurensa. In ya yi faɗa da matarsa, Hajiya Memuna, 'yar zangon Kumasi, gidana ake kawo ƙara, in zauna in yi wa yayana nasiha, shi kuma ya sunkuyar da kai yana cewa, "Na tuba, Yaya," idanunsa na dariya. In an yi taron suna, da tsofaffi ake zaunar da ni, a ba ni tuwo mai laushi. Da baƙi sun watse, ƙofa ta rufe, sai ya miƙe ƙafa a kan kujerata ya ce, "Ke Kuluwa, kawo ruwa." A waje ni ce Yaya, a cikin gida ni ce mai kawo ruwa. Ban ci ribar ko ɗaya ba.

Tuƙin bas ya yi har ƙarshen ransa, amma Asabar ta yara ce. Ƙungiyarsa ta Barking ta yi suna wajen shan kashi. Na taɓa zuwa kallo cikin ruwan sama, na ga wani ƙaton yaro a zaune a benci, ga wasu 'yan mitsi-mitsi a fili riga na kai musu gwiwa, ana zura musu ƙwallo kamar ana cika buhu. Uban ƙaton yana ihu, "Koci, don Allah sa ɗana mu ga canji!" Tijjani bai ko waiwaya ba. Ya ce, "Alhaji, naka zai shiga. Amma naka ya kusa isa inda za shi. Waɗannan ba su tashi ba tukuna." Yana da wata magana da yake maimaita wa iyaye har suka gaji: "Kada ku kalli wanda ya fi girma yau, ku kalli wanda bai gama ba."

A hanyar komawa na ce masa wannan taurin kai ne. Sai da muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, sannan ya ba ni labarin da bai taɓa bayarwa wajen shayi ba. Ranar da ya isa makarantar a Brazil, gadon da aka ba shi da ɗumin mutum. Wani siririn yaro aka sallama a safiyar don a samar masa wuri. Sun haɗu a ƙofa, yaron na riƙe da kayansa a leda, takalman ƙwallonsa rataye a wuya, har ya yi masa nuni da inda ake ajiye bokiti. Tijjani ya ce, "Shi sha shidansa ta gaskiya ce, Kulu. Ban san abin da zai zama ba. Ba wanda ya sani, don ni na kwanta a gadonsa."

Shi ya sa lokacin da wasu dangi suka turo masa wani saurayi daga gida, wai ɗan sha huɗu ne a nema masa gwaji, Tijjani ya dube shi, ya dubi gashin ƙirjinsa, ya zuba masa abinci. Da ya ƙoshi ya ce, "Ɗana, shekarun da ka ɓoye ba sa tafiya ko'ina. A gwiwa suke jiranka." Ya kai shi koyon aikin famfo. Yau yana da motarsa ta aiki, kuma yana cikin waɗanda suka sauke Tijjani a kabari.

Wannan mutum mai hikima, a kan kansa ba shi da ita ko ƙwayar gero. Na yi shekaru ina roƙonsa ya gaya wa likitansa gaskiya, ko don a duba shi yadda ake duba tsararsa. Bara ya shigo gidana yana washe baki. Ya ce likita ya tsorata, wai zuciyarsa kamar ta ɗan shekara sittin. "Kin ga ashe lafiyata ƙalau, daidai take da ni!" Na jefe shi da ludayi. An ce ya shiga ƙwallon tsofaffi da ake bugawa a tafe ba gudu, ya ce shi bai kai ba, a duba takarda. Ranar da ya faɗi, yana nuna wa 'yan shekara tara yadda ake yanka mutum a guje ne. Yaran sun ce ya yi yankan kuwa, ya wuce, sannan ya zauna a ciyawa kamar mai hutawa. Ina fushi da shi, kuma ban san ranar da zan huce ba.

Ranar addu'ar uku, liman ya ce marigayi ya tafi da ƙuruciyarsa, a taya yayarsa addu'a, don ba ƙaramin jarrabawa ba ce babba ya binne ƙarami. Mata suka juyo suna kallona da tausayi. Na danne har mutane suka watse, aka bar ni da Memuna da yaran a falo. Zainab ta ce gobe za ta kira masu maƙabarta, shekarar da ke fasfo za a sa ko?

Na daɗe ina tsoron wannan lokaci. Faruk bai taɓa jin ubansa ya yi ƙarya ba, kuma a kan ƙarya kaɗai uban ya taɓa ɗaga masa murya. Amma ina da shekara shida na taka fasasshiyar kwalba a bakin kwata, Tijjani ya goya ni daga unguwarmu har asibiti, jinina na zuba a wandonsa, yana rera mini waƙar banza don kada in ji zafi. A lissafin fasfo, yana da shekara huɗu a ranar. In aka zana waccan shekara a kansa, wanda ya goya ni bai taɓa rayuwa ba, kuma ni kaɗai na rage da na san shi. Sai na faɗa musu komai, tun daga Kawu Ado.

Memuna ce ta fara magana, tana gyara mayafin takabarta. "Yaya Kulu, ni na sani tun shekara na farko. Gwiwa nashi ya gaya mini."

"Kin sani, kike barina ina yi masa nasiha?"

"To wa zai yi? Kuma ni ma akwai uku da na bari a Kumasi. In an bi gaskiya na girme ki."

Matar da ta yi shekaru tana durƙusa mini!

Faruk dai bai ɗago ba. Yana kallon kafet, yana motsa leɓe kamar mai lissafi. Can ya tambaye ni da Turanci, kamar yadda suka saba, wato babansa yana da ashirin da biyu, yana wasa da yara, kuma duk da haka aka sallame shi? Na ce ƙwarai. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya ce, ta ƙwace masa, ta kama Zainab, ta kama uwarsu, har maƙwabta suka ji gidan makoki ya ɓarke. Bai san lokacin da ta juye kuka ba. Ya zo ya kifa kansa a cinyata, ƙato da shi, ya ce da Hausarsa mai tuntuɓe, "Gwaggo, ba ni labarin shida ɗin."

Masu maƙabarta ba za su zana abin da ya saɓa wa takarda ba, mu kuma ba za mu zana ƙarya ba. Don haka allon yana ɗauke da sunansa da ranar rasuwarsa kawai. Sauran na rubuta shi a nan da yardar iyalinsa. Duk wanda ya sake ce mini Yaya a Landan, ya san da gangan ya yi.

Ya Allah, ga bawanka Tijjani ya zo maka da shekarunsa cif, don a wurinka ba a rage ko yini. Ka gafarta masa hamsin da ukun da aka sani, ka gafarta masa shidan da ya bari a Kano. Ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Siririn yaron nan da ya fita da leda, in yana raye ka wadata shi, ka sa ya yafe. Ka ba Memuna haƙuri, ka raya Faruk da Zainab a kan gaskiya, ka aiko wa ƙananan yaran Barking wanda zai sa su a fili. Ni kuma, ƙanwarsa, ka sanyaya mini zuciya kafin mu haɗu, don in na tarar da shi a yadda nake yanzu, ba zai ji da daɗi ba. Allah ya jiƙanka, Yaya. Amin.