Dattijon da Yake Rubuta Maganata

Shekarun baya, shekarar da sojoji suka koma bariki, ina ƙaramin ma'aikacin gwamnati, ina haya a Gyadi-Gyadi. Babbar matsalata ita ce in mutane sun wuce uku, bakina mutuwa yake. Ko a wajen suna aka ce in yi godiya, sai gumi ya wanke ni. Wani abokina ya gaji da ni, ya ja ni wata ƙungiya ta koyon magana a gaban jama'a, suna haɗuwa duk Asabar bayan la'asar a ajin wata firamare a Tarauni.

Tun daga ƙofa hankalina bai kwanta ba. Mu da muka saba ko a teburin mai shayi sai mutum ya waiga kafin ya ambaci gwamnati, a ce wai ma'aikatan jinya da ɗalibai da malamai sun taru don kawai su iya magana? Ban yarda ba. Sati uku ina zama bakin ƙofa ban ce uffan ba, kuma kafin a tashi nake sulalewa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai wani dattijo ne, malamin makaranta ɗan Kudancin Kaduna. Ba ya tafi, ba ya dariya. Yana can baya da ɗan littafinsa, da zarar wani ya miƙe sai biro ya hau aiki. Na ce a raina, wannan ko ba a faɗa ba ɗan rahoto ne.

A sati na huɗu shugabar zaman ta nuna ni. "Malam na bakin ƙofa, minti biyu. Me kake fata daga mulkin farar hula?" Na miƙe. Ban san ta inda maganar ta ɓalle ba. Na faɗi yadda ake korar ma'aikaci ba tare da an ji ta bakinsa ba, har na ce ogana na ofis soja ne, kaki kawai ya rasa. Aka yi tafi. Na waiga, dattijon kansa a sunkuye yana ta rubutu. Nan take na tuna aikin nan shi kaɗai ne abincina.

Satin nan na sha wuya. Duk sanda oga ya aiko kirana sai in ce shi ke nan, takardar kora ce. Abokin nawa ma ban tambaye shi komai ba, don shi ma na fara zarginsa. Ai shi ya kai ni. Maiɗakina kuwa dariya ta yi. "Kai da ni ma ba ka iya yi mini dogon bayani, kai ne za ka kifar da gwamnati?" Ban ga abin dariya ba.

Ranar Asabar na je da wuri, na tare dattijon a gindin dalbejiyar makarantar. Na ce, "Baba, don girman Allah, 'ya'yana biyu. Abin da kuka rubuta a kaina, wa za ku kai wa?"

Ya kalle ni ta saman tabarau, ya buɗe littafin ya miƙo mini. Babu oga, babu soja. Kalma ɗaya ce, "wato", sai 'yan gajerun layuka na ƙirga a jere gabanta.

"Ashirin da bakwai cikin minti biyu," in ji shi. "Ɗana, aikina ke nan a ƙungiya, in ƙirga 'wato' da 'eh' da 'ka gane' na kowa. A ƙarshen zama nake karantowa, kai kuma kullum ka gudu."

Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa kaina. Sai na ga haƙoransa a karon farko. Ya ce, "Ka san mu ma sati uku muna tsoronka? Mutum ya zo ya zauna bakin ƙofa, ba ya magana, yana kallon kowa, ya fice kafin a tashi. Shi ya sa shugaba ta jefa maka waccan tambayar. Da muka ji ka taɓa oganka, sai muka ce to, wannan namu ne."

Na yi shekara uku a ƙungiyar. Yau ni ake miƙa wa lasifika a taron unguwa, kuma dattijon ne ya gyara mini harshe, sati bayan sati, ba gajiyawa. Amma in na tuna ranar nan dariya nake, sai kuma tausayinmu ya kama ni. Ajin nan babu ɗan rahoto ko ɗaya. Sojoji sun riga sun tafi, mu ne muka zauna muna yi musu gadin juna kyauta.