Muryata a wayar kowa

Tun ina ƙarama a Kore Mairuwa hankalina ba ya zama wuri ɗaya. In an aike ni sayen gishiri, sai in dawo da labarin raƙuma, gishiri kuwa babu. Kakata ta ce iska ce, wai aljanar nan Doguwa ce a kaina. Sai da na girma ina koyarwa a wani lakwal a Dogon Dutsi, wani likita a Yamai ya ce larura ce ta rashin tattara hankali, ya kuma gargaɗe ni a kan salula, wato wayar hannu.

Gaskiyarsa. Nakan ɗauke ta in duba lokaci, kafin in farga an kaɗa ƙararrawa, ina ta kallon bidiyon ɗinki, littattafan ɗalibai na jibge ban gyara ba. In aka karanta saƙona ba a amsa ba, wuni zan yi gabana na faɗuwa.

Ranar da shugaban lakwal ya yi mini faɗa gaban jama'a, na naɗi muryata ina kuka, na tura wa aminiyata, malamar ajin da ke jikin nawa. Garinmu ɗaya, kwano ɗaya muka ci. Na faɗa mata duk abin da likita ya ce, har da zancen kakata.

Washegari na tsinci muryata a guruf ɗin malamai. A ƙasanta aminiyar tawa ta rubuta: "Doguwar Madam ta tashi." Fuskokin dariya suka yi ta zubowa. Na kasa ajiye wayar. Ina tsaye gaban allo, alli a hannu, ina leƙa wa ya ƙara dariya, yara na jirana.

Da aka fita hutu na same ta gindin itacen bedi.

"Mi na yi miki?"

"Haba ƙawata, wasa nika yi. Ke komi sai kin ɗauke shi da zahi."

"Kukana ne wasan?"

Ta ci gaba da latsa wayarta.

Mako uku barcina da cin abincina suka lalace. Wata uwa ma ta zo ta nemi a cire ɗiyarta daga ajina, don saƙon ya kai unguwarsu. Na fita daga guruf, na ba yayata babbar wayar, na sayi ƙarama mai maɓalli. Aikina ya gyaru kaɗan.

Har yau bango ɗaya ne tsakanin ajina da nata. Mukan gaisa da safe. Ba ta taɓa cewa in yi haƙuri ba.