Jar Kwalba da Farar Ƙwaya

Shekarar da ƙafafun Inna suka kumbura har takalmi ya daina shigarta, na haye ruwa zuwa ƙauyenmu na ɗauko ta a kwalekwale. Lokacin muna ƙarƙashin jihar Sakkwato. Likitan da muka gani a Yelwa ya ce zuciyarta ce ta gaji, ruwa yana taruwa a jikinta. Ya ba ta wata 'yar farar ƙwaya mai sa fitsari, ya ce ita ce maganin. Ya ƙara mata da kwalbar wani jan ruwa mai zaƙi na ƙarin ƙarfi, saboda ba ta cin abinci sosai. Wannan, in ji shi, taimako ne kawai.

Inna kuwa jar kwalbar ta ɗauka da daraja. Har zane ta naɗa mata.

Gidan mijina irin wanda aka gina wa mutanen da ruwan Kainji ya tasa ne: tsakar gida ɗaya, bayi can a kusurwa. Duk mai zuwa bayi sai ya ratsa ta gindin darbejiya, inda mijina yake zama da hantsi yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi. Ita kuma farar ƙwayar da hantsi take aiki. Inna, wadda ko ruwa ba ta taɓa sha a gaban surukinta ba, ita ce za ta riƙa wucewa ta gabansa da buta, ta dawo, ta sake komawa.

Da farko ta daure, tana wucewa a lulluɓe. Daga baya zirga-zirgar ta tsaya, ni kuma da wautata na ɗauka jikinta ne ya saba. Ran da nake wanke zanenta na kwance ƙullin bakinsa, sai ga ƙwayoyi sun zubo cikin ruwan sabulu.

Na ce, "Inna, don Allah, wagga ita ce maganin."

Ta ce, "Maganin da ka sa ni yawo da buta gaban surukina? Jan ga ya ishe ni. Ko ba ki ga ina cin tuwo ba?"

Tuwo kam tana ci. Amma kwanciya ta gagare ta, a jingine da bango take barcin rana, numfashinta yana fita da ƙyar. Na kawo mata tasa ɗaki, ta ce ita ba jinjira ba ce. Na ce to ta sha ƙwayar da azahar, bayan ya tafi ruwa, ta ce alwalarta fa, kowace salla sai ta sake? Duk ƙofar da na buɗe sai Inna ta rufe ta. Haushinta nake ji, tsoro kuma ya hana ni sakat.

Da na ga kumburin ya kai cinya, na sami mijina, idona a ƙasa, na gaya masa. Washegari da hantsi, bawan Allah, ya naɗe komarsa ya tafi bakin ruwa da ita.

Inna ta leƙo ta daɗe tana kallon gindin darbejiyar babu kowa. Sannan ta juyo.

"Mi kinka hwaɗa mashi?"

Kafin in amsa ta ƙara da cewa:

"Ki maishe ni gida."

Na yi kuka, na yi magiya, na ce can babu asibiti sai an haye ruwa. Ta ce ba za ta ƙara kwana a gidan da namiji ya bar inuwarsa saboda fitsarinta ba. Sauran ƙwayoyin na ƙulle su da kaina na cusa cikin kayanta. A kwalekwale ta rungume jar kwalbarta, ba ta dube ni ba har muka sauka.

Da na dawo na shiga ɗakin da ta zauna don in share. Butarta na nan bayan ƙofa, ƙullin ƙwayoyin a ajiye kusa da ita. Inna ba ta ga yankan shinkafar shekarar ba.