Inda Dada Ta Daina Waiwaye

Ina nuna wa ’yata Ummi tambarin Najeriya a littafinta, a gidanmu da ke unguwar Rumde. Dawakai, mikiya, ita dai hamma kawai take yi.

Da na ce farin layin nan mai reshe biyu Neja ne da Binuwai, sai mahaifiyata Dada ta ce, “Kawo in gani.”

Ta ɗora yatsa a reshen dama, wato Binuwai.

“Ummi, ranar da muka gudo daga Mubi, sai da motarmu ta haye wannan ruwan na daina waiwaye.”

Jiya malaminsu ya tambayi ma’anar layin. Ummi ta ce, “Inda Dada ta daina waiwaye ne.”

Ya ce ba ta amsa daidai ba. Ni dai na kasa gyara mata. Ku fa, za ku iya?